Tsinken Kitson Inna Kongo

Ranar da za a tashi daga zaman makokin Inna Kongo aka wayi gari da labarin tsinken kitsonta ya ɓata, kuma kafin hantsi duk mutanen benen sun gama yanke hukunci. Mutanen unguwar Shisha ta Makka Allah ya ba su saurin gane ɓarawo, musamman in ba ɗan gida ba ne. Matan hawa na biyu suka ce dama can ba su taɓa yarda da Talatu mai kitso ba. Mai gadi ya ce da idonsa ya ga hannunta ja wur. Har wadda ta tare a benen watan jiya ta ce ita tun ranar farko jikinta ya ba ta.

Idris Mai Sawu yana ƙofar kantin Umaru, ya sha rabin shayinsa, labarin ya iso masa. Mutumin Dakoro ne. Ubansa ya yi suna wajen bin sawun raƙuman da aka sace, shi kuma da ya zo Makka ya zauna sai ya mayar da gadon kan mutane: lokacin aikin hajji, in tsohuwa ta ɓace cikin tantunan Mina, shi ake nema. Sauran watannin shekara kuwa zama ne ke cinsa, ya tashi daga wannan benci ya koma wancan, yana kallon ƙafafun masu wucewa ba gaira ba dalili.

Ya san gidan sarai. Marigayi Alhaji Aminullahi, Bakano ɗan fatauci, amininsa ne. Shi ya auro Inna daga ƙasar Kongo, 'yar ƙabilar Luba, ta musulunta aka sa mata Ummulkhairi, sunan da bai taɓa kama ta ba. Ta zo Makka ba ta da kowa nata, ba ta riƙo komai daga garinsu ba sai wannan tsinken.

Idris ya bar shayin nan ya haye benen.

Ya tarar da Talal, ɗan marigayiyar guda ɗaya tilo, yana kai da kawowa a falon maza, makullin mota a hannunsa. Haihuwar Makka ne, Hausarsa duk ta cuɗe da Larabci.

"Ya ammi, ba sai an wahalar da kai ba," in ji Talal. "Khalas, na san wadda ta ɗauka. Ana idar da la'asar zan kai ta wajen shurɗa."

"Ka kai ta ka ce me?"

"Sata. Da sihiri. Me za ta yi da gunki in ba sihiri ba?"

Ƙarar sata wajen 'yan sanda ta isa ta sa a kori mace mai zama da takardar aiki. Amma sihiri, a wannan ƙasar, kalma ce da in ta fita daga baki ba a mayar da ita, kuma wanda aka jefa da ita ba korarsa kaɗai ake yi ba.

"To kai me kake so da tsinken, tunda gunki ne?"

"In fasa shi," in ji Talal. "Tun ina yaro nake kawar da kai saboda uwata ce. Yanzu tana kabari, ya ammi. Ba na so a tambaye ta a kan wani itace mai fuskar mutum."

"Ka taɓa riƙe shi?"

"A'uzu billahi. Ko kallon kirki ban taɓa yi masa ba."

"A ina take ajiye shi?"

"A akwatinta mana. Ina mata ke ajiye kayansu? Da safen nan na buɗe, babu."

Idris ya roƙi arziƙi a ba shi zuwa la'asar ɗin, don darajar wadda ke kwance a ƙasa. Talal ya dubi agogo, ya ce tayyib, amma ko minti ba zai ƙara ba.

Talatu na zaune a ɗan ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, ta ƙulle 'yan kayanta a zani kamar mai jiran mota. 'Yar Maraɗi ce, shekarunta sun ja, kuma ita ke yi wa Inna kitso duk Juma'a tun Manar, jikar gidan, tana rarrafe. Idris ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Nuna mini hannunki."

Ta miƙo. Jan abu ya shige ƙarƙashin faratanta.

"Majigi ne, jan garin itacen nan, da manja," in ji ta. "Da su Inna ke shafe tsinken, kamar yadda uwarta ke yi. Duk abin da ya taɓa sai ya rina shi."

"Na ji. Amma Inna ta kwana uku a ƙasa, ke kuma kin wanke kwanonin 'yan gaisuwa ba adadi. Wannan jan ba na makon jiya ba ne, Talatu."

Ta janye hannun ta cusa cikin mayafi.

"Baba Idi, ban yi sata ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Ya lallaba, ya tsoratar, ya tuna mata 'ya'yanta da ke Maraɗi suna jiran abin da take aikawa. Ko gezau. Sai da ya sauya magana ya tambaye ta shi tsinken wane iri ne, sannan bakinta ya buɗe. Baƙin itace ne, in ji ta, tsawonsa ya kai taƙi, a samansa an sassaƙa kan mace da kitso mai ƙusurwa huɗu, a jikinsa kuma akwai tsage-tsage. A garin su Inna, kitso ke faɗin ko wace ce mace tun ba ta yi magana ba: mai aure ce, mai takaba ce, ko 'yar gidan sarauta. Tsinke kuma shi ke soke abin da aka ba mace ajiya don kada ya zube, domin su a wajensu mata ne ke riƙe sirrin gida, har na sarki.

"Kowace tsaga mace guda ce da ta taɓa saka shi," in ji Talatu. "In ina mata kitso sai ta riƙa bin su da yatsa tana kiran sunaye. Ngoyi, Mwamba, Kasongo. Na ji su har na haddace, ni da ban san ko ɗaya ba."

Idris ya fito ransa a jagule. Matar nan tana ɓoye wani abu, wannan ko makaho ya gani. Amma wanda ya saci abu ba ya maganarsa da irin wannan muryar.

A kan matakala wata maƙwabciya ta tare shi, ta rage murya yadda duk benen zai ji. Ta ce ita ba ta son gulma, amma a duba Manar. Ta taɓa leƙa wayar yarinyar ta ga hotunan tsinken, kuma tana aika su ga wata baƙuwa a ƙasar waje. Ai Turawa suna sayen irin waɗannan abubuwa.

Idris ya sa aka kira masa Manar. Ta zo idanunta a kumbure, 'yar jami'a mai jin Hausa amma in za ta mayar sai ta laluba. Da ya kawo zancen hotunan ba ta musa ba, ta ma buɗe wayar ta nuna masa. Wata ɗaliba ce 'yar Kongo da suka haɗu a intanet, Manar ta tambaye ta ko ta san ma'anar sunayen da kakarta ke kira.

"Sitti ta so ta ba ni shi tun tana da rai," in ji Manar. "Na yi dariya. Na ce gashina a miƙe yake da man salon, ba zai tsaya ba. Ta ce to in bari Talatu ta yi mini kitso. Na ce ba'den, Sitti, sai wata rana." Ta share ido. "Na ce ta ajiye mini a akwati. Sai ta ɓata rai, wallah ban taɓa ganin ta ɓata rai haka ba. Ta ce ba a ajiye shi. Ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa tebur, ba ya shiga akwati. Daga kai sai kai. In ana kitso, a hannu ake riƙe shi har a gama."

Idris ya daina kaɗa ƙafar da yake kaɗawa tun zamansa.

"Ko da dare?"

"Da shi take kwana. Shi ya sa ba ta kwanciya a kan filo. Ta ce a garinsu da matashin katako ake tallafe wuya, ita kuma nata ya ɓata a hanya, sai take naɗe tawul."

"Ranar da ta rasu, wa ya shiga wajen wanka?"

"Mama da Talatu, da matar da ke wankan a masallaci. Ni na kasa. A waje na zauna."

Wato tun safe ana ta neman abu a inda bai taɓa zama ba. Talal namiji ne, bai taɓa zama inda ake kitson uwarsa ba, shi ya sa ya nufi akwati. Tsinken yana kan Inna har lokacin da aka kwance mata gashi don wanka, kuma mata uku ne a ɗakin. Idris ya ji tsohon ƙaiƙayin nan a tafin ƙafarsa, irin wanda yake ji in sawu ya fara fitowa. Sai dai wannan sawun a ƙarƙashin mayafi yake, inda ba idon namiji da zai kai.

Ana kiran azahar Tahani, matar Talal, ta kawo masa gahawa da dabino. Duk Shisha an san ba ta ga maciji da tsinken nan. Ita ta fara kiransa gunki, ita ta hana Inna fitowa gaban baƙi ba ɗankwali biyu, kuma faɗan da suka yi a kansa shekarun baya har sai da Aminullahi ya bar gidan ya kwana a shago.

"Allah ya raba mu da shi, ya ammi," in ji ta. "Ni da za a bi tawa, a bar maganar. A bar Talatu ta yi zamanta."

"Ke da kika shiga wankan, ba ki ga inda aka sa shi ba?"

"Hankalina ba ya jikina a lokacin."

Ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, kujera mai laushi da dogon baya, irin wadda ke kiran mutum ya jingina. Ba ta jingina ba. A bakin kujerar ta ɗosana, wuyanta a miƙe, kuma da Manar ta kira ta daga kicin, da kafaɗunta gaba ɗaya ta juya. Idris ya kurɓi gahawa. Mace mai makoki tana iya zama yadda ta ga dama, wannan ba shaida ba ce da za a tsayar da Talal da ita.

Da ya dawo daga masallaci ya nemi a buɗe masa ɗakin marigayiyar. Talal ya ce a buɗe, shi dai tun rasuwar a falon maza yake kwana da 'yan uwan da suka zo daga Jidda, matarsa da 'yarsa ne suka koma ɗakin don su bar wa baƙi nasu.

An yaye gadon Inna, an wanke zannuwan. A ƙasa katifu biyu ne, ba a naɗe su ba saboda hidima. Idris ya durƙusa kamar yadda ubansa ke durƙusawa a bakin rijiya da sassafe. Jiki ma yana barin sawu. Katifar farko filonta ya lotsa a tsakiya, ga cajar waya a gefe, wannan ta Manar ce. Ta biyun filonta a cike yake fam, babu alamar kai ya taɓa shi. Amma a kan zanin, daidai inda wuya zai kwanta, akwai wani dogon kwari a gicciye. Ya zura hannu ƙarƙashin katifar ya zaro tawul a naɗe, an ɗaure shi da baƙin zare.

Jan da ke jikinsa bai gama bushewa ba, ya shafa ya ji maiƙo. A cikin zaren kuma wani dogon silin gashi ya maƙale, mai launin ƙasa-ƙasa na rinin salon. Gashin Inna fari ne tas tun kafin mijinta ya rasu.

Ya daɗe a durƙushe. Bai ji daɗin da ya saba ji in ya kamo bakin zare ba, tausayi ne ya kama shi. In ya yi magana, ya jefa aure cikin rigima a ranar makoki. In ya yi shiru, Talatu za ta shiga inda ba mai fito da ita. Daga tagar ya jiyo ladan yana gyara lasifika.

Bayan la'asar aka taru a falo. Talal a tsaye bakin ƙofa da makullinsa, Tahani da Manar a kujera, Talatu a ƙasa da ƙullin kayanta. Maƙwabta sun cika matakala, kowa da uzurin da ya hawo da shi, sai da Idris ya tura ƙofa ya rufe.

"Talal, ka ce an buɗe akwati an sace," in ji shi. "Ba a sace komai a akwati ba, don bai taɓa shiga akwati ba. A kan mahaifiyarka yake kwana yake tashi. Tambayi 'yarka."

Manar ta gyaɗa kai.

"To a wajen wanka ta ɗauke," in ji Talal. "Dubi hannunta."

"Na duba. Ta taɓa shi, kuma ba da daɗewa ba. Amma ba a kanta yake ba. Mai ɗauke da tsinke mai tsawon taƙi a ƙeya ba ta iya kwanciya a filo, ba ta iya jingina a kujera." Ya ajiye tawul ɗin a kan tebur. "A ɗakin Inna na samo wannan. Ba zan kira suna ba. Mai shi tana ji na, kuma ta san la'asar ta yi."

Talatu ta sunkuyar da kai tana girgiza shi a hankali, kamar mai cewa kada.

Tahani ta miƙe.

"Yana kaina, Abu Manar."

Talal ya dube ta kamar bai santa ba. "Ke? Ke da kika ce..."

"Na san abin da na ce. Shekara da shekaru ina faɗa." Ta kai hannu ƙeyarta. "Da aka kwance mata gashi, matar wankan ta zare shi za ta jefa a kwandon shara. Ban yi tunani ba, wallah. Sai dai na ga hannuna ya fizge shi. Na tsaya da shi ina neman inda zan ajiye, sai na ji muryarta a kunnena, ba a ajiye shi, ba a ajiye shi. Na cusa a gashina. Ya riƙa zamewa, shi ne jiya na roƙi Talatu ta yi mini kitso, na sa ta rantse ba za ta faɗa ba."

"Kika bar ni zan kai baiwar Allah shurɗa?"

"Na yi ta cewa zan faɗa, in na ga fuskarka sai in kasa. Ka ce za ka fasa shi." Ta juya ga Talatu. "Ki yafe mini, ukhti. Na bar ki a wuta tun safe."

Talatu ta ce ba komai, amma hawaye ne ke zuba a kan ƙullin kayanta.

"Ba ni shi," in ji Talal.

Tahani ta zura hannu ƙarƙashin mayafinta ta zaro tsinken. Ba ta ajiye a tebur ba, a tafin hannunsa ta sa. Ƙamshin manja da majigi ya tashi, Idris ya ga hancin Talal ya motsa. Ƙamshin da ya tashi a cikinsa ne tun ana goya shi.

Ya juya tsinken a hankali, karon farko a rayuwarsa. Kitson da aka sassaƙa yana nan da ƙusurwoyinsa huɗu, tsage-tsagen suna nan. Amma inda ya kamata a ga ido da hanci da baki, babu komai. Itacen ya shafe sumul, ya ɗan lotsa, yana ƙyalli.

"Ina fuskar?"

"Babban yatsanta ya cinye ta," in ji Talatu daga ƙasa. "Wurin nan take murzawa in tana kiran sunan uwarta. Tun zuwana gidan nan ban tarar da fuska ba."

Talal ya ɗora nasa yatsan a wurin, ya zauna daidai cikin lotsawar. Makullin motar ya suɓuce daga ɗaya hannun ya faɗi, bai waiwaye shi ba. Ya matsa wajen tebur kamar zai ajiye tsinken, hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi matarsa, ya dubi akwatin talabijin, ya dubi aljihun farar rigarsa. Ya rasa inda zai sa shi.

Manar ce ta tashi ta zo gabansa.

"Baba, ni ta ce a ba."

"Ba zai tsaya a kanki ba," in ji Tahani. "Sai da kitso."

Duk suka juya ga mace ɗaya tilo a gidan da ta iya. Talal ya daɗe kafin ya iya haɗa ido da ita, kuma da ya yi magana, da Hausar ubansa ya yi, babu Larabci ko kalma guda.

"Yaya Talatu, na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah." Ya dubi kan 'yarsa. "Kitson nan, zai ɗauki wane lokaci?"

Talatu ta share fuska da bakin mayafi, ta dubi kan Manar da idon sana'a.

"Wannan gashin da aka lalata da mai? Sai magariba, in an yi sa'a."

"'Yan gaisuwa za su fara zuwa," in ji Tahani. "Kawo in riƙe, ka sauka."

"Su jira," in ji Talal. "Ni zan riƙe."

Talatu ta kwance ƙullin kayanta ta fito da mataji. Da Idris ya ga Manar ta kai hannu ga mayafinta, sai ya juya baya ya buɗe ƙofa. Maƙwabtan da ke matakala suka yi caa a kansa, wa ya ɗauka, ina aka samu, za a kira shurɗa? Ya ce musu ba a sace komai ba, ajiya ce aka karɓa, su ba shi hanya. Yana sauka yana jiyo muryar Talatu ta bayan ƙofa, tana faɗin sunayen ɗaya bayan ɗaya, da muryar namiji tana maimaitawa a hankali, tana tuntuɓe a kan kowanne.